Awa Biyu Tsakanin Dublin da Frankfurt

Shekara talatin da ɗaya na yi ina yanka wa mutane tikitin jirgin sama a wani ofis da ke saman bene, bayan Babbar Kasuwar Kaduna, a kan shagon masu atamfa. Sunana Rifkatu. Ban taɓa taka ƙasar Turai ba, iyakata Legas da Kano, amma na san ƙofofin filayen jiragen da ban taɓa gani ba kamar yadda na san lungunan Badarawa inda nake zaune. Yanzu da na ajiye aiki, yara sukan zo mini da waya a hannu su ce za su buɗe ofishin tafiye-tafiye, wai ai abin ba wuya. Ka rubuta sunan gari biyu, waya ta ba ka nisa, ta ba ka awoyi, shi ke nan ka zama ejan. Makon jiya 'yar ƙanwata ta zo da wannan magana. Na ce ta danna mini Dublin da Frankfurt. Kafin in rufe baki ta ce, "Ga shi, Anti. Awa biyu, kilomita dubu da ɗan ɗori. Me ya rage?" Na ce mata ni ma na taɓa ba da wannan amsa da irin wannan sauri, kuma daidai ce, kuma ita ce amsa mafi muni da na bayar a duk aikina.

Wanda ya koya mini aiki shi ne mai ofishin, Alhaji Tanimu, Bazazzagi, siriri kamar sanda, mai saurin fushi da saurin hucewa. Wata shida na yi a wurinsa bai bari na taɓa tikiti ba. Aikina shi ne haddar haruffa uku-uku da ake kiran kowane filin jirgi da su, da karanta littafin jadawalin jirage, wani ƙaton littafi mai siraran takardu wanda sai da hannu biyu ake ɗaga shi. Akwai agogo uku a bango, na Kaduna, na Landan, na Jidda. Ni ce mai gyara na Landan sau biyu a shekara, lokacin da Turawa ke matsar da agogonsu gaba ko baya. Sau ɗaya na manta. Kwana uku Alhaji bai amsa gaisuwata ba.

Wata rana ya buɗe littafin ya ɗora yatsa a kan layi biyu. Jirgi ya tashi daga Landan ƙarfe takwas, ya sauka Amsterdam goma da kwata. Wani ya tashi daga Amsterdam ƙarfe takwas, ya sauka Landan takwas da kwata. Ya ce, "Rifkatu, me ya sa zuwa awa biyu da kwata, dawowa kwata kawai?" Na duba, na sake dubawa, na ce ko dawowar gangare ce. Ya yi dariya har ya sarƙe, ya leƙa taga ya kira mai atamfa ya zo ya ji. Bayan ya gama shan dariyarsa ya nuna mini agogon bango. Kowane lokaci da ke kan tikiti, lokacin garin ne, kuma garuruwan biyu awa ɗaya ce tsakanin agogonsu. Jirgin bai canza gudu ba, awa ɗaya da kwata ce duk inda ka dosa. Shekara da shekaru mai atamfar nan yana kirana Gangare.

Tikitin wancan lokaci da hannu ake rubuta shi. Ɗan littafi ne mai shafuka da jan kabon a bayansu, sai ka danna biro da ƙarfi don rubutun ya ratsa har shafin ƙarshe. Ba a gogewa, ba a gyarawa. Harafi ɗaya ya karkace, tikitin ya mutu, ka rubuta bayani, ka ɗauki sabo, Alhaji yana tsaye a kanka yana huci. In an gama sai a sa shi cikin wani ƙarfe mai hannu, a ja, ya buga hatimin ofis da kwanan wata. Yatsuna kullum ja suke, har a coci mata suna tambayata ko lalle na sa. Daga baya kwamfuta ta zo, mai baƙin allo da koren rubutu, muka koyi yarenta. Ta rage mana ciwon hannu, amma ba ta taɓa tambayar kwastoma kome ba.

Akwai wata Hajiya mai sayar da leshi da ta taɓa zuwa da nata tsarin a rubuce. Wani ya gaya mata in ta sauka Landan da safe, akwai jirgin da zai wuce da ita bayan awa ɗaya da rabi. Na ga lissafin ya yi, na ɗauki biro. Alhaji ya dafe hannuna. Ya nuna mini haruffan: filin da za ta sauka daban, filin da za ta tashi daban, duk sunansu Landan, tsakaninsu tafiyar mota ce mai tsawo, ga jakunkuna huɗu, ga shi ba ta da bizar fita waje. Bayan ta tafi ya zaunar da ni ya ba ni dokar da ya ce ita ce aikin gaba ɗaya. Kada lamba ta fita daga bakina, ko ta awa, ko ta nisa, sai na yi tambaya uku. Ina za ka? Wa ke can? Wace takarda ce a hannunka? Ya ce mutum ba ya hawa matakala ashirin da biyu na benen nan don yana sha'awar sanin nisan gari. In ya tambayi awa, akwai abin da ke bayan tambayar, kuma nemo shi ne aikina. Na riƙe wannan doka shekara ashirin da wani abu ban karya ba.

Sai mummunar shekara ta zo. Alhaji ya riga ya rasu, 'ya'yansa ke da ofishin. Bayan an sake buɗe filayen jirage daga rufewar annoba, mu biyar da ke aiki an sallami huɗu, saura ni. Kujerun jirgi sun yi ƙaranci, farashi yana canzawa kafin ka gama faɗa wa mutum, ga ɗalibai da ma'aikatan jinya suna ta barin ƙasa kamar ana korarsu. Layi yakan sauka daga teburina har rabin bene. Wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, in ya tashi kwamfuta ta manta inda muka tsaya. Na zama mai faɗa. Na daina kallon fuskar mutane, fasfo kawai nake kallo.

A cikin wannan hayaniya wani dattijo ya hau benen wata ranar Talata. Farar riga, hula zanna, sanda a hannu, yana numfashi sama-sama. Bai shiga layi ba, ya tsaya gefen tebur har na ɗago. Ya gaishe ni da ladabin tsofaffin ma'aikatan gwamnati, ya ce sunansa Isyaku, daga Kinkinau yake, ya yi ritaya daga ma'aikatar ruwa.

"Malama, ba zan ɓata miki lokaci ba. Tambaya ɗaya ce. Daga Dublin zuwa Frankfurt, awa nawa ne a jirgi?"

Waya na kunnena, wata uwa tana kuka a gabana don kujerar ɗanta ta kuɓuce. Ban ko duba kwamfuta ba.

"Awa biyu, Baba. Kafin ka gama gyangyaɗi an sauka."

"Awa biyu kawai?"

"Bai kai Kaduna zuwa Kano a mota ba."

Ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta, ya yi godiya, ya sauka a hankali. Na ma ji daɗi a raina, na ce da duk kwastomomi haka suke. Ban yi masa ko ɗaya daga tambayoyin uku ba.

Bayan wata huɗu ya dawo, fasfo a cikin ambulan, fuska a sake. Wannan karon ya bi layi ya zauna. Ya ce 'yarsa Hadiza ma'aikaciyar jinya ce a Dublin. Shekara uku tana roƙonsa ya je likitocin can su duba zuciyarsa, yana ƙi, don ba ya son sanyi kuma ba ya son ya mutu a ƙasar wasu. Yanzu ya yarda, biza ta fito ta wata uku, an ma sa masa ranar ganin likita. Tikiti biyu yake so. Ɗaya daga Abuja zuwa Dublin da dawowa. Ɗaya kuma daga Dublin zuwa Frankfurt, ya kwana biyu, ya koma.

Na buɗe fasfon, na duba shafi-shafi har bango. Biza ɗaya ce a ciki, ta ƙasar Ireland. Sai a lokacin na yi tambayar da ya kamata in yi tun watanni huɗu da suka wuce.

"Baba, wa ke Frankfurt?"

Ya gyara sandar tsakanin gwiwoyinsa. Ɗansa ne, Nura, autansa. Ya gama karatu ya yi shekara biyu yana neman aiki bai samu ba, wata safiya ya bi hanyar zuwa Turai da uban bai yarda da ita ba, ko sallama babu. Shekara tara ke nan. Biyar na farko Malam Isyaku bai ɗauki wayarsa ba. Sai da uwar yaron ta rasu suka fara magana. Nura yana wani gari kusa da Frankfurt, yana aiki a gidan burodi, takardar da ke hannunsa ta zaman wucin gadi ce, ana duba maganarsa. In ya fita ƙasar ba zai koma ba.

"Muna ganin juna a waya," in ji shi. "Amma hoto ne. Ina so in dafa kansa, in ce masa kome ya wuce. Da bakina na faɗa, amma ban san ko ya yarda ba."

Na yi masa bayani a hankali. Bizar Dublin ba ta shiga Jamus. Ƙasa daban, takarda daban. Nura kuma ba zai iya hawa jirgin Dublin ba.

"Ba duk Turai ba ce?"

"Turai ce, Baba, amma ƙofa biyu ce."

Ya buɗe ɗan littafin nan, ya juyo mini da shafin.

"Malama, ke kika ce mini awa biyu."

"Ni na ce."

"To, ba awa biyu ba ne?"

"Awa biyu ne ga mai takarda."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya ce dama saboda wannan amsa ya yarda da tafiyar. Ranar da ya sauka daga benen nan ya kira Hadiza ya ce ta fara shiri, ya kira Nura ya ce masa yana tafe. Yaron har ya sayi katifa.

Ga inda laifina yake, kuma ina so ku ji shi sosai, ku masu waya. Bizar Jamus a nan gida ake nemanta, kafin a tashi, kuma sai an samu ranar ganawa. Na bar layi yana jira na shiga nema nan take. Ranar farko da ke a buɗe ta faɗo bayan bizarsa ta Dublin ta ƙare. Kwana goma na yi ina leƙawa safe da rana ko wani zai janye, ba a janye ba. Da na tambaye shi a ranar farko, watanni huɗun nan sun isa a nemi takardun biyu tare. Ban ce lallai da an ba shi ba, wannan ba a hannuna yake ba. Amma da ya samu damar nema. Na ce ko zai ɗage tafiyar zuwa baɗi a sake shiri daga farko. Ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna mini yadda ƙafar ta kumbura har ta shanye idon sawu. Ya ce, "Likita bai yi mini alkawarin baɗi ba."

Wata Asabar da rana na rufe ƙofar ofis na zauna da tafiyarsa ni kaɗai. Babu jirgin da ke tashi daga nan kai tsaye zuwa Dublin, dole a ya da zango a wani wuri a canza jirgi. Hanyoyi uku ne a gabana, ɗaya daga ciki ta Frankfurt ce. Mai bizar Dublin yana iya sauka can ya canza jirgi, muddin bai fita daga sashen masu wucewa ba. Jirgin Abuja yana sauka da asuba. Yadda aka koya mini, tsoho mai ciwon zuciya a kan ɗora shi a jirgin farko da safe, awa biyu ko uku na jira, ya wuce. Amma akwai wani jirgin Dublin da yamma. In na sa shi a wannan, zai yi kusan awa goma a filin jirgin da ke kusa da garin da ɗansa yake. Na daɗe ina kallon allon. Ban san ko taimako ne ko ƙarin mugunta ba.

Ranar Litinin na kira shi ya zo. Na ɗauki farar takarda na ja layi a tsakiya, na sa ɗigo a dama, na sa ɗigo a hagu.

"Nan kai ne, Baba. Nan Nura, in ya zo. Wannan layin bango ne da jami'an duba fasfo. Kai ba za ka fita ba, shi ba zai shigo ba. Ba zan yi maka ƙarya sau biyu ba, ban san wata taga ko gilashi da za ku ga juna ba. Kuma zaman awa goma a kujera ba zai yi wa ƙafarka daɗi ba."

Ya kalli takardar.

"Ginin ɗaya ne?"

"Ɗaya ne."

"Rufi ɗaya?"

"Rufi ɗaya."

"A dawowa fa?"

"A dawowa awa ɗaya da rabi ce kawai, da ƙyar za ta ishe ka canza jirgi. Wannan ce kaɗai."

"Yanka mini."

Ban taɓa shirya tafiya kamar wannan ba. Na nema masa keken marasa lafiya a kowane zango, da kujerar bakin hanya kusa da bayi. Na rubuta masa da manyan baƙaƙe yadda zai haɗa wayarsa da intanet ɗin filin jirgi, mataki-mataki, muka gwada sau shida a ofis har ya iya ba tare da ya duba takarda ba. Na sa ya sayi cajar da ta dace da soket ɗin can, da batirin ajiya. Magungunansa na ce su zauna a jakar hannu, da takardar likita. Ya ce ƙanwarsa ta yi dambun nama don Nura. Na ce nama ba ya shiga, ko ya shiga ba hanyar miƙawa. Ya ce to hula fa, ko zai iya ba wani mai shara ya fitar masa da ita? Nan na ɗaure fuska. Na ce kada ya ba kowa kome, kada ya karɓi kome daga kowa, zai jawo wa kansa da yaron bala'in da ba su san iyakarsa ba. Hular ta jira, Hadiza ta aika ta gidan waya. Ya ce, "To, Malama," kamar ɗan makaranta.

Sau ɗaya na yi magana da Nura, uban ne ya miƙo mini wayar. Muryarsa irin ta yaran Kaduna ce, ba ta canza ba. Ya ce zai ɗauki hutun yini, zai hau jirgin ƙasa na farko. Ya tambaye ni sunan sashen da jirgin zai tsaya, na faɗa masa. Sai ya ce, "Anti, da gaske ba wani wuri? Ko daga nesa?" Na ce ban sani ba, ya je ya duba da idonsa, in ya samu ya gaya mini don in san abin da zan faɗa wa na gaba.

Ranar tafiyar na zo ofis da wuri na duba allo, na ga jirgin ya sauka lafiya. Yinin nan duk na yi aiki kamar kullum, na yanka tikiti, na yi faɗa da mai janareta. Amma idona yana kan agogon bango, ina ƙara awa ɗaya a raina, ina cewa yanzu kaza ne a can. Da yamma jirgin Dublin ya tashi da sunansa a ciki. Iyakar abin da kwamfuta za ta iya gaya mini ke nan.

Malam Isyaku ya yi mako bakwai a Dublin ya dawo. Likitoci sun canza masa magani, suka ce aikin da ake tunanin yi jikinsa ba zai ɗauka ba. Ya rasu da damina, wata huɗu bayan dawowarsa. Da safe ya cika, bayan azahar aka kai shi, kamar yadda ake yi. Hadiza ta iso kwana biyu bayan nan. Nura a waya aka gaya masa. Na je gaisuwa Kinkinau, na zauna cikin mata, ba wanda ya san ko ni wace ce, ban kuma faɗa ba. Baƙin cikin wannan aiki bai bar ni ba har yau. Shi ya sa in kuka nuna mini waya kuka ce ga nisa ga awa, raina yake ɓaci. Waya ba ta yi ƙarya ba. Ni ma ban yi ba.

Amma kafin rasuwarsa ya hau benen nan sau ɗaya. Al'adar tsofaffin kwastomomi ce, in sun dawo su zo su ba da labarin hanya, ta haka ma na san filayen da ban taɓa gani ba. Ya daɗe a kan matakala, ina jin ƙarar sandarsa tana tsayawa tana ci gaba. Ya ajiye mini kwalin ganyen shayi a tebur, tsaraba. Na kori sauran mutane na ce su ba ni rabin awa. Sai da numfashinsa ya daidaita na tambaya.

"Baba, kun ga juna?"

"A'a."

Ya ce tun ƙarfe bakwai Nura ya iso. Shi uban aka tura kekensa aka ajiye shi kusa da wata babbar taga, ya bi takardata, waya ta haɗu. Awa uku na farko nema suka yi. Shi yana faɗin abin da yake gani, ga shagon agogo, ga allo mai rawaya, ga jirgi mai shuɗin wutsiya. Nura yana hawa yana sauka, yana bin kowane lungu, yana tambayar ma'aikata. Duk inda ya bi sai ya tarar da ƙofar da ake neman tikiti da fasfo. Daga ƙarshe uban ya ce masa ya bari, ya nemi wuri ya zauna, kada ya jawo hankalin jami'ai.

"Sai muka zauna muna hira. Can sai wata mata ta yi sanarwa a lasifika. Na ji ta a saman kaina, na kuma ji ta a cikin wayar, ita ɗin dai, maganar ɗaya. Malama, shekara huɗu ina magana da yaron nan ban san inda yake ba. A wannan lokacin na san yana nan."

Na ce masa ya yafe mini. Ya ɗaga hannu, alamar in bari, bai gama ba.

"Da azahar ta yi, na roƙi wani ya tura ni na yi alwala. Na dawo na ce, Nura, kana da alwala? Ya ce yana da ita. Na ce nemi gabas ka tashi ka bi ni. Na buɗe muryar wayar na sa ta a aljihun gaba. A zaune na yi, ƙafar ba ta yarda ba. Ban san ko malamai za su ce ta yi ba, liman a wani ɗaki, mamu a wani ɗaki. Ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba. Rabon da ya tsaya a bayana tun yana ɗan sakandare."

Ya juyo ya dube ni, ya tuna ni ba Musulma ba ce, sai ya yi mini bayani. Azahar raka'a huɗu ce, amma matafiyi biyu yake yi. In matafiyi ya ja mazaunin gari salla, shi zai sallame a ta biyu, wanda ke bayansa ya tashi ya cika sauran shi kaɗai.

"Na yi biyuna na sallame. Na ce masa, cika taka. Sai na zauna ina saurare. Ba a ɗaga murya a azahar, kabbara kawai nake ji, da motsin rigarsa, da takun mutane suna wucewa ta gefensa. Ina ƙirgawa. Ya yi ruku'u, ya ɗago, ya yi sujada. A sujadar ƙarshe ya daɗe. Ya daɗe ƙwarai, har na ciro wayar na duba ko ta yanke. Ba ta yanke ba. Na mayar da ita na jira, ba inda za ni, jirgina sai yamma."

Daga ƙasa ana jin masu atamfa suna ciniki.

"Da ya sallame, sai na ji ya ce, Baba, kana nan? Na ce ina nan."